Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗinka 'Yar Tsanar Katun da Hannu

Iyaye mata da 'yan mata masu koyon ɗinki a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra sukan ɗinka wa yara 'yan tsana masu kama da jaruman katun, kuma yawancin abin da ke ɓata wannan aiki yana faruwa ne tun kafin a zura zare a allura.

Babban kuskure shi ne a kwafi hoton jarumin daidai yadda yake a takarda. Hoto a shimfiɗe yake, amma da zarar an cusa auduga sai ƙyallen ya kumbura, faɗinsa ya ragu, hannuwa da wuya su sirance har su kasa riƙe kai. Maganin wannan shi ne a zana siffar a kan kwali, a faɗaɗa gaɓoɓi, a gajarta wuya, sannan a ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe domin wurin ɗinki. Ba dole ba ne a kawo kowane layi na hoton, domin alama biyu ko uku ce ke sa yaro ya gane jarumi: Mickey Mouse da zagayayyun kunnuwansa baƙaƙe, Pikachu kuwa da launin rawaya da jan kumatu da baƙin da ke bakin kunnuwansa. Idan waɗannan suka fita, saura ado ne.

Sai batun ƙyalle. Atamfa tana da kyau kuma tana da sauƙin samu a kasuwar Makola, sai dai ba ta miƙewa, bakinta kuma yana warwarewa, don haka tana buƙatar a bar mata wurin ɗinki mai faɗi. A ganina ƙyallen rigar sanyi ko na ƙaramin bargo, irin wanda ake tsinta a gwanjon Kantamanto, ya fi ta dacewa, muddin an wanke shi kafin a yanka. Irin wannan ƙyalle ya fi miƙewa ta ɓangare ɗaya, kuma idan aka yanka gaba a tsaye, baya a kwance, 'yar tsanar za ta karkace ko da ɗinkin ya yi kyau. Haka nan mutane da yawa sukan manta su kifa kwalin wajen yanka yanki na biyu, sai su tashi da kunnen hagu guda biyu. Ninke ƙyallen fuska da fuska a yanka su tare yana kawar da wannan.

Wajen ɗinkin kansa, tsallen allura mai nisa ba ya jure cusa auduga. Ana so a yi ƙananan ɗinki kusa da kusa, allura tana komawa baya kaɗan kafin ta ci gaba, da zare mai ƙarfi. A bar kafa ta santimita 4 ko 5 a wurin da gefen ya miƙe, kamar kwiɓi ko baya, domin juyo da ƙyallen. Kafin a juya, a tsattsaga bakin ƙyallen da kan almakashi a duk inda ya lanƙwasa, ba tare da an taɓa zaren ba. Rashin yin haka ne ke sa hammata da gindin kunne su tattare.

Cusawa ma tana da nata kurakuran. Masu gaggawa sukan dunƙule auduga da yawa su tura lokaci ɗaya, sai jiki ya yi gululu-gululu. A riƙa yagar ta kaɗan-kaɗan, a fara da ƙarshen hannuwa da ƙafafuwa, ana turawa da gindin fensir, kuma a cika wuya sosai. Audugar roba irin ta matashin kai ita ce mafi sauƙin wankewa. Audugar rimi tana da laushi, amma sai an tsince 'ya'yanta, kuma takan dunƙule bayan wanki. Shinkafa ko wake kuwa, waɗanda wasu ke zubawa domin nauyi, ba su dace da laimar Accra ba, domin suna jawo ƙwari da fumfuna.

Fuska ce ta fi kowane sashe wuya. An fi sa idanu can sama kusa da goshi, alhali yawancin jaruman katun idanunsu a tsakiyar fuska suke ko ƙasa da haka, abin da ke ba su kamannin jariri. Kafin a ɗinka komai, a yanka ƙananan takardu a maƙala su da fil, a ja baya a duba, a gyara har sai kamannin sun fito. Idan yaron da za a ba bai kai shekara 3 ba, kada a yi idanu da maɓalli ko dutsen ado, domin zai iya ciro su ya haɗiye ko su shaƙe shi. A yi su da zare ko da ƙyallen da aka ɗinke kewaye, sannan a jajja kunnuwa da wutsiya da ƙarfi, a kuma laluba jikin duka don tabbatar da cewa ba a bar fil ko allura a ciki ba.