Ku rubuta naku ƙiyasin kafin ku ji na wani

'Yan'uwa, idan za ku yanke shawara a kan farashi, ko albashi, ko tsawon lokacin da aiki zai ɗauka, ku rubuta naku ƙiyasin a takarda tun kafin ku ji na wani, domin lambar da ta fara shiga kunnen mutum takan zame masa turke, ya yi ta kewaya ta bai sani ba.

A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus sun wallafa wani gwaji. An juya faifai mai lambobi a gaban mutane, ya tsaya a 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce kimanin 25, waɗanda suka ga 65 kuwa kimanin 45, alhali lambar faifan ba ta da alaƙa da tambayar.

Abin da ya fi damuna shi ne, sanin tarkon kaɗai ba ya fitar da mutum daga cikinsa. In lambar ta riga ta shiga kunnenku, ku tsaya ku nemo dalilan da za su nuna ta yi yawa ko ta yi kaɗan.