Katin girafik biyu ko guda ɗaya mai ƙarfi? Ga yadda za ka tantance

Ƙanina da ke karatun zanen gine-gine a Samaru ya zo min jiya, wai ya ga GTX 1070 na hannu a Sabon Gari irin nasa sak, ya saya ya haɗa biyu ne ko ya sayar da nasa ya cika kuɗi ya sayi guda ɗaya mai ƙarfi. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka.

Fara da tambayar kanka me kake yi da kwamfutar. In gem ne wallahi ka manta da kati biyu, zamanin SLI da CrossFire, wato hanyoyin haɗa kati biyu su yi aiki tare, ya wuce, Nvidia ta daina fitar da sabbin saitin SLI tun Janairun 2021, RTX 4090 ma ba ta zo da wajen haɗawar ba, kuma yawancin sabbin gem ba su san da katin na biyu ba, yana nan zaune yana shan wuta kawai. Sannan memori ba ya taruwa, 8GB da 8GB a gem 8GB ne, ba 16 ba, nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu.

In kuma rendarin kake yi, wato fitar da cikakken hoton zanen 3D, a manhajar Blender to magana ta canza, Cycles, injin rendarin na Blender, yana raba aikin tsakanin katunan ba sai da SLI ba, lokacin jira zai ragu sosai.

Amma kafin ka biya ko sisi buɗe kes ɗinka ka duba, madabod ɗin, wato babban allon da komai ke haɗe a kai, yana da ramin PCIe dogo na biyu inda za ka soka katin? Fawa saflai ɗin, mai ba kwamfutar wuta, wat nawa ne, yana da isassun wayoyi? 1070 ɗaya wat 150 yake ja, biyu 300 ke nan ban da farosesa, alhali RTX 3060 wat 170 ne da memori 12GB. Mu da rabin aikinmu a kan janareta ko inbata yake, wannan lissafin ba ƙarami ba ne, ga zafin watan Afrilu, katin sama yana shaƙar hucin na ƙasa, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka.

Shi dai ƙanin nawa na ce ya sayar ya ɗauki 3060, don zanensa ya fara cika 8GB. In na hannu za ka saya kar ka yarda sai an kunna a gabanka, ka sa masa aiki mai nauyi na kamar minti 20 kana kallon zafinsa.