Babi na Shida: Ruwan Rijiya da Karanta Takardar Gwaji

Darasi na ɗaya: Abin da dutse ke zuba wa ruwa

Ruwan da muke ɗebowa daga rijiya ko daga foraj, wato rijiyar burtsatse, ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu, kuma a tsawon zaman nan yakan narkar da wasu sinadarai na jikin dutsen ya taho da su. A arewacin Kamaru, a yankin duwatsun Mandara da kwarin Mayo Tsanaga, wato wajen Mokolo, Meri har zuwa Marwa, akwai dutsen da ke sakin wani sinadari mai suna fulor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya yi yawa sai haƙoran yara su fito da fararen ɗigo-ɗigo, daga baya su rine su koma ruwan ƙasa, wanda kuma ya shekara da shekaru yana shan mai yawan gaske ƙasusuwansa da gaɓoɓinsa kan sandare. Yaro ɗan shekara 7 bai fara cin goro ba, saboda haka idan kuka ga haƙoransa sun rine kuma asuwaki ya kasa fitar da rinin, ku tuhumi ruwan da yake sha. Fulor ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da shi, gwaji ne kaɗai ke nuna shi.

Darasi na biyu: Ɗibar ruwan gwaji

A sami gorar roba mai tsabta wadda ba a taɓa zuba mata mai, magani ko kanwa ba. A buga famfo na 'yan mintoci ruwan farko ya zube, a ɗauraye gorar sau uku da ruwan wannan rijiyar, a cika ta, a rufe sosai. A rubuta sunan gari, sunan rijiya da kwanan wata a manna a jikinta, sannan a tambayi ma'aikacin lafiya ko ofishin kula da ruwa inda za a kai ta.

Darasi na uku: Karanta lamba

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Takardar sakamako tana zuwa da Faransanci. Ku ɗora yatsa a gefen hagu, ku sauko layi bayan layi har ku sami kalmar da ta fara da haruffan F, L, U, O, R. Ku ja yatsa zuwa dama a kan wannan layin, kada ku zame zuwa na ƙasa. Lambar da kuka tarar ita ce yawan fulor a cikin lita ɗaya ta ruwanku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1,5 a kowace lita. Ku dubi wannan lambar da kyau. Tsakanin 1 da 5 akwai waƙafi, kuma ana karanta ta ɗaya da rabi. Ba goma sha biyar ba ce. Ku faɗa da baki: ɗaya da rabi. Idan takardar daga Najeriya ta fito, za ku ga ɗigo a maimakon waƙafi, 1.5, ma'anar duk ɗaya ce.

Ga yadda ake yi. Ku fara duba abin da ke hagu da waƙafi. Idan 0 ne, ruwan bai kai iyaka ba, ko da lambar dama babba ce. 0,9 bai kai ɗaya ba ma. Idan 2 ne ko fiye, ruwan ya wuce iyaka, ko da na dama 0 ne. Idan 1 ne, sai a duba lambar farko da ke bin waƙafin: 1,2 yana ƙasa da iyaka, 1,8 ya haye ta. Kada wanda ya rikice ya ji kunya, da sannu hannu zai saba.

Sai dai akwai masu tsallake waƙafin saboda gaggawa, su ga 0,9 su ce tara, su tayar da hankalin unguwa a kan rijiya mai kyau. Wannan sakaci ne, domin an nuna muku. Hagu tukuna, sannan dama. Ku kwafe waɗannan a littafinku, ku rubuta “ƙasa”, “sama” ko “daidai iyaka” a gaban kowace: 0,4 da 1,7 da 3,0 da 1,05 da 1,50. Ku lura, 1,05 da 1,50 ba ɗaya ba ne. Ta farko ɗaya ce da ɗan kaɗan, ta biyu ita ce ɗaya da rabi. Wanda ya kuskure ko guda ya koma farkon darasin, ya sake farawa daga hagu.

Darasi na huɗu: Idan ruwan ya wuce iyaka

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fulor. Kamar miya ce a kan wuta, ruwa na ƙonewa gishiri na ƙara fitowa. Tacewa da ƙyalle ma ba ta cire shi. Ruwan ya halatta ga wanki da wanka, amma na sha da na girki, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 8 waɗanda haƙoransu ke kan ginuwa, a ɗebo daga rijiyar da gwajinta ya yi kyau, ko a tari ruwan sama bayan na farko ya wanke kwanon rufi. Matatar ruwa mai gawayin ƙashi tana rage fulor, amma gawayin yana cika, dole a riƙa canza shi.

Darasi na biyar: Sauran ruwaye

Ruwan da ke barin jan tabo a bokiti da farin tufafi yana da ƙarfe. A wajen tafkin Cadi da Kanem kanwa kan sa ruwa ya yi zartsi. Inda ake wanke zinariya, kamar yankin Mayo-Rey, kada a sha daga ramukan masu haƙa. Duk waɗannan a kai su gwaji kamar yadda aka nuna a darasi na biyu.