Yadda ake kula da Pilea a cikin ɗaki

An sha tambaya kan wannan shukar ado mai ganye kewayayye kamar tsabar kuɗi. Ga matakan:

1. A samo tukunya mai huji a gindi, faɗinta santimita 12 zuwa 15.
2. A gauraya ƙasar shuka kashi biyu da yashi mai gwaɓi kashi ɗaya.
3. A dasa ta daidai zurfin da take a da.
4. A ajiye ta kusa da taga mai haske. Rana kada ta buge ta kai tsaye, ganyen ƙonewa yake yi.
5. Kafin ban ruwa, a cusa yatsa cikin ƙasa santimita 2 zuwa 3. In da danshi, a dakata.
6. In ƙasar ta bushe, a zuba ruwa har ya fito ta hujin.
7. A zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar.

Hattara: a nan aka fi kashe ta. Ƙishirwa takan jure, amma jiƙa kullum ruɓar da saiwa yake. Alamarsa ganyen ƙasa su yi ɗorawa, su yi laushi, su zube.

8. A juya tukunyar kwata ɗaya duk mako, in ba haka ba sai ta karkace wajen haske.
9. Lokacin da take tofo, a ba ta takin ruwa sau ɗaya a wata, rabin ma'aunin da ke jikin kwalba.
10. 'Ya'yan da ke fitowa daga gindi, in sun kai santimita 5, a yanke su da wuƙa mai tsabta tare da ɗan saiwarsu, a dasa daban.