Yadda ake tantance bugun farko na I Promessi Sposi

Masu sayen tsofaffin littattafai suna yawan tambaya kan wannan littafin ƙagaggen labari na marubucin Italiya Alessandro Manzoni. Ga matakan:

1. Wanke hannu, ka busar da shi sosai. Kada ka sa safar hannu, tana sa takarda ta yage.
2. Ƙirga kundayen. Uku ne.
3. Buɗe shafin suna, ka nemi sunan birnin Milano da sunan maɗaba'ar Vincenzo Ferrario.
4. Duba shekara. A nan ake yawan kuskure: littafin ya fita kasuwa a 1827, amma shafukan suna ɗauke da 1825 da 1826. In ka ga 1827 tare da sunan wani gari, sake bugawa ne, ba na farko ba.
5. Leƙa ciki. Zane-zanen Francesco Gonin na bugun 1840 ne, wanda Manzoni ya gyara harshensa. Yana da daraja, amma wani abu ne daban.
6. Bi lambobin shafuka ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ya ɓace.
7. Kwatanta girman kundayen da launin takardarsu. Dillalai kan haɗa kundaye daga kwafi daban-daban.
8. Kada ka liƙa salatif a shafin da ya yage. Kai wa mai gyaran tsofaffin littattafai.