Yadda ake yin sandar kibiya ta katako ba tare da an ƙarar da itatuwa ba

In kana so ka fara yin sandar kibiya da hannunka, ko don harbinka ko don ka riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, to ka sani tun farko rabin aikin a wajen zaɓen itace yake. Mutane da yawa da sun ji an ce Port Orford cedar shi ne sarkin katakon kibiya sai su ga kamar in ba shi ba ba kibiya. Gaskiya katako ne mai kyau, ba nauyi, ga miƙewa ga ƙamshi, amma a ɗan yanki kaɗai yake fitowa, kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya a Amurka, kuma akwai wata cutar saiwa da ta daɗe tana kashe shi. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramar sana'a ya ɗora rayuwarsa kan itacen da ke fama da kansa ba. Jirgin ruwan yaƙin Ingila, Mary Rose, da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an samu kibau sama da 3,500 a cikinsa kuma yawancinsu na itacen poplar ne, itace mai saurin girma wanda ba wanda ke yi masa kallon wani abu. Su Sitka spruce, Douglas fir, pine, ash, birch duk suna yi, haka gora da kyauro.

Hanya biyu ce ta samun itace ba tare da ɓarna ba. Ta farko ita ce tofo, wato ka sare itacen da ke sake tsirowa daga kututture, ka bar kututturen da ransa, bayan shekara biyu ko uku zai fito da sanduna miƙaƙƙu masu kaurin ɗan yatsa, ka yanki wasu ka bar wasu, gaba ka dawo. Hazel da dogwood da viburnum haka ake yi da su, kuma tsohuwar hanya ce sosai, mutumin nan da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai a 1991, wanda ya rayu sama da shekara 5,000 da suka wuce, kibau 14 ne a kwarinsa, akasarinsu tofon viburnum. Ka raba wurin da kake yanka gida uku ko huɗu, kowace shekara gida ɗaya, kar kwaɗayi ya sa ka share duka lokaci guda. Kuma don Allah ka nemi izinin mai wurin.

Ta biyu ita ce ragowar katako: itacen da iska ta kayar, tsohon katakon gini da aka cire, guntayen da kafintoci ke zubarwa. Abin da kake buƙata tsawon inci 32 zuwa 33 ne kawai. Sai dai ka guji wanda aka yi wa maganin gara ko mai tsohon fenti, ƙurarsa ba ta shaƙuwa.

To yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu, jijiyar katako. Ɗauki guntun ka juya gefensa, za ka ga layuka sun bi tsawonsa, sa farce a kan layi ɗaya ka bi shi daga wannan kai zuwa wancan. In ya kai ka ƙarshe bai fita ta gefe ba, ka samu kaya. In ya zame ya fice bayan inci biyar ko shida, ajiye shi, ka yi wani abin da shi daban. Nan wurin da jijiya ta fice nan kibiya ke karyewa lokacin da aka saki tsirkiya, kuma in ta karye a wannan lokacin tsinin yana iya shiga bayan hannun da ke riƙe da baka, ba ƙaramin rauni ba ne. Shi ya sa in gungume ne gara ka faskara shi da gatari tukuna kafin zarto ya taɓa shi, don faskare bin jijiya yake yi, shi kuwa zarto ba ruwansa, duk inda ka tura shi zai bi. Mai ƙulli ko ido a jiki ma a fitar da shi.

Sai busarwa. Shafa kakin zuma ko fenti a kawunan biyu don kar su tsage, ka jera a inuwa inda iska ke ratsawa, da 'yan sanduna a tsakani. Ƙa'idar masu katako ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, amma in ka tsaga ƙanana yana raguwa sosai. Ana so danshin ya sauka wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100, in ba ka da mitar aunawa ka riƙa ɗora guda kan sikeli duk mako, ranar da nauyi ya daina sauka ya yi. Tofo kuwa a ɗaure shi dami-dami da ɓawonsa, ana kwancewa lokaci-lokaci ana miƙar da su da hannu.

Ya bushe? Yanka shi murabba'i, inci 3/8 kowane gefe. Samu allo ka yi masa kwari mai siffar V da ɗan tokari a ƙarshe, ka kwantar da sandar a ciki ka bi kusurwa huɗun da abin kankare katako na kafinta har ta zama mai gefe 8, ka sake bi ta zama 16, daga nan samfefa za ta ƙarasa. Ka riƙa ƙirga yawan jan da ka yi a kowace kusurwa, in ba haka ba za ta fito da ciki gefe guda. Kaurin da aka saba shi ne inci 5/16, 11/32 da 23/64, sai ka huda ramukan nan a ƙarfe ko katako mai tauri ka riƙa zura sandar kana gwadawa. Wasu na maƙala ta a injin huda su tura ta cikin ramin da ke da kaifi, ya fi sauri, amma yana yayyage katako mai laushi in kaifin ya dakushe. Ka sa takunkumi, ƙurar cedar musamman tana damun ƙirji.

Wadda ta karkace a ɗumama wurin kan garwashi ko bindigar zafi, wato na'urar da ke hura iska mai zafi, ban da ƙonawa, a lanƙwasa ta baya kaɗan a kan tafin hannu a riƙe har ta huce, sannan a mirgina ta kan tebur a gani.

Abin da ke raba mai sana'a da mai wasa shi ne awon ƙarfin sanda. Kafa ƙusa biyu tazarar inci 26, ɗora sandar, rataya nauyin laba 2 a tsakiya, auna yadda ta lotsa. Raba 26 da abin da ka samu, in rabin inci ta lotsa, 52 ke nan, ta dace da baka mai ƙarfin ja wajen laba 50 zuwa 55. Rubuta lambar da fensir a jiki, ka auna nauyinta ma, ka haɗa dozin da waɗanda suka yi kusa da juna. Wadda ta fito da laushi kar a yar, bakan yara na jiranta, gajeru ma haka, garin katakon kuma ya tafi takin gona in ba magani a jikinsa.

Tsagin da tsirkiya ke shiga a yanka shi ya gitta layukan jijiya da ake gani a ƙarshen sandar, kar ya bi su, in ya bi su tsirkiya za ta tsaga ta biyu. Daga ƙarshe a shafa man linsid, wanda kafintoci ke shafa wa katako, ko kakin zuma sau biyu ko uku don kar ta sha laima. Tsumman da ka shafa man da shi kar ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa, shanya shi a waje a buɗe ko ka tsoma shi cikin ruwa.