Kurakuran da ake yi wajen ɗauko injiniyan ƙirƙirarriyar basira zuwa Sakkwato

Kamfanoni da ƙungiyoyi a Sakkwato sun fara neman injiniyoyin ƙirƙirarriyar basira, amma ƙwararrun suna Legas ne da Abuja, wasu a Nairobi ko Kigali, wasu sun tsallaka Landan. Mutane ne masu saurin ɗaukar jaka, kuma abin da ke damuna shi ne sau da yawa mu ne muke korarsu da hannunmu.

Babban kuskure shi ne a ɗauko mutum kafin a tanadi abin da zai yi aiki da shi. Injiniyan nan da bayanai yake aiki. In bayanan asibitinka ko na kamfanin takinka duk suna cikin rajista a kabad, zai shafe watanni yana aikin magatakarda, ransa ya ɓaci, ya koma inda ya fito. Fara da ɗaukar matasa daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko waɗanda suka bi shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su shigar da bayanan cikin kwamfuta su tace su. In bayanan mutane ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka, sai ka san hurumin da kake da shi kafin ka taɓa su. Ka kuma ware kuɗin hayar na'urorin GPU (na'urori masu ƙarfin lissafi da ake horar da manhajar basirar a kansu) ta intanet, domin da dala ake biya, awa-awa. Da yawa ba sa sa wannan a kasafi sam.

Sai albashi. Bayan da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wanda yake zaune a unguwar Yaba ta Legas yana yi wa kamfanin Turai aiki ana biyansa da kuɗin waje, ba za ka janyo shi da cewa rayuwa da araha a Sakkwato ba. Ya san da haka. Abin da zai saurara shi ne yarjejeniya a rubuce: za a sake duba albashi duk wata shida, kamfani zai ɗauki kuɗin ƙaura da hayar shekarar farko, kuma za a bar shi ya halarci taruka irin su Deep Learning Indaba, taron masana fannin na Afirka, don kada takwarorinsa su manta da shi.

Wasu kuma suna ɗaukar ƙaura a matsayin matsalar ma'aikaci shi kaɗai. A'a. A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40, wuta kuwa kowa ya san halinta. Gida a Arkilla ko Mabera babu sola da batir, babu layin intanet biyu, ai ba wurin aikinsa ba ne. Ka tambayi makarantar yaransa da aikin maiɗakinsa. In injiniyar mace ce, ka tambayi aikin maigidanta. Ni shawarata a gayyato shi ya yi mako guda a lokacin bazara, ya gani da idonsa kafin ya sa hannu.

Wajen tantancewa, kada tarin takardun kwasa-kwasan intanet ya ruɗe ka. Ba shi ɗan ƙaramin aiki daga ainihin bayananka, ka biya shi ladansa. In aikin ya shafi murya ko rubutun Hausa, gwada shi da maganar manoman Wurno ko Gwadabawa, don manhajar da aka horar da Hausar jarida takan yi tuntuɓe da Sakkwatanci. Waɗanda suka yi aiki da HausaNLP ko Masakhane, ƙungiyoyin masu binciken koya wa kwamfuta Hausa da sauran harsunan Afirka, sun san wannan matsalar.

Kuma komai kyawun riƙo, wata rana Abuja ko Landan za ta kira shi. Tun ranar farko a rubuta cewa zai horar da matasa biyu na gida, zai riƙa rubuta bayanin duk abin da ya gina, kuma asusun intanet da kalmomin sirri da sunan kamfani za a buɗe su, kada a yi da nasa.